Alƙahira da jakar goyo: inda kuɗin baƙo ke zurarewa a kwana ukun farko

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don mu yi magana da matasan da suka fara sha'awar irin tafiyar nan ta saɓa jakar goyo a nufi wata ƙasa buɗe ido da ɗan guzuri, ba kamfanin yawon shaƙatawa, ba babban otal. Ga mai tashi daga Kano ko Abuja, Alƙahira na cikin biranen da suka fi sauƙin kaiwa, tunda jirgin EgyptAir yana zuwa kai tsaye, kuma daga Kano tafiyar ba ta wuce kimanin awa huɗu.

Sabon zuwa yakan yanke wa garin hukunci sau biyu cikin yini ɗaya. Da daddare, idan direbobi suka yanyame shi a ƙofar filin jirgi, sai ya ce kowa a garin nan so yake ya cuce shi. Da safe kuma, idan ya ci ya ƙoshi da 'yan canji, sai ya ce ai garin nan kyauta ne. Duka biyun gaggawa ce. Kusan komai a Alƙahira yana da farashi biyu, na ɗan gari da na baƙo. Wani bambancin hukuma ce ta sa shi, kamar tikitin wuraren tarihi, wannan ba yadda za ka yi da shi. Wani kuwa rashin sani ne kawai ke jawo shi, kuma shi ne ke cinye guzurin mutum kafin ya cika kwana uku.

Tun daga gida ake fara shiri. Ɗan Najeriya ya nemi bizarsa a ofishin jakadancin Masar kafin ya tashi, kada ya ji labarin Turawa na sayen biza a filin jirgi ya ɗauka har da shi. A riƙe katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin zazzaɓin shawara, domin Masar na neman sa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai ta kwana goma, don haka wanda ya yi ta ana jibi zai tashi bai yi komai ba. Magani kuma a yi hattara. Tiramadol da danginsa na iya kai mutum gidan yari a can. A 2017 an yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin da aka samu a jakarta. Duk maganin da za ka ɗauka ya kasance cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe da hannunka ba, ko na wane ne. Jirgin nan maras matuƙi na ɗaukar hoto ma a bar shi a gida, ƙwacewa za a yi.

Jakar kanta kada ta wuce abin da za ka iya hawa bene hawa shida da ita, za a ga dalili nan gaba. Kaya kala uku sun isa, da takalmi mai rufi wanda ƙafa ta saba da shi, da ɗan kwaɗo na kulle akwati, da adafta. Soket ɗin Masar na ƙafa biyu ne masu zagaye, cajarmu ta Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga. 'Yan'uwanmu na Nijar sun huta da wannan, irin nasu ne. Mai zuwa tsakanin Disamba da Fabrairu ya ɗauki rigar sanyi ta gaske. Mutanenmu kan ji an ce Masar sai su tuna hamada, amma dare a lokacin yana sauka kusan maki 10, ga gidajen arha ba abin ɗumama ɗaki, ƙasan tayil ne mai sanyi kamar randa. Daga Maris zuwa Mayu kuma akwai iskar ƙura mai zafi da suke kira khamasin.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne kan gaba. Kuɗin ƙasar fam ne, su suna cewa gine. A ranar 6 ga Maris 2024 gwamnati ta saki farashinsa, ya faɗi daga kusan fam 31 a dalar Amurka ɗaya zuwa kusan 50. Saboda haka duk lissafin da wani ya ba ka na tafiyar da ya yi kafin wannan rana ka ajiye shi gefe. Ka tafi da dala sababbi, marasa yaga ko rubutun biro, domin masu canji kan mayar da tsohuwar takarda. Ka yi canji a banki ko shagon canji mai rajista, ka karɓi rasit. Canjin bayan fage laifi ne a dokarsu, ba kasuwar canji ta Wapa a Kano ba ce, kuma wanda ya tare ka a titi da tayin farashi mai daɗi bai san ka ba balle ya so ka da alheri. A filin jirgi ka canza abin da zai kai ka kwana biyu kawai.

Abin da ba wanda ke gaya wa baƙo shi ne, a Alƙahira ƙaramar takarda ta fi babba daraja. Na'urar ATM takan zubo maka 'yan fam 200 da 100, alhali rayuwar titi da 'yan 5, 10 da 20 take tafiya. Ka miƙa wa direba ko mai shayi ɗari biyu, zai buɗe hannu ya ce ba fakka, wato ba canji, ya tsaya yana kallon ka har kunya ta sa ka bar masa. Maganin wannan shi ne ka riƙa fasa manyan takardu a babban kanti ko wurin sayen tikitin jirgin ƙasa, ka tara ƙananan a aljihu daban. Da su za ka riƙa ba da bakshish, ɗan ihsanin da mai gadin takalma a masallaci da mai kula da banɗaki da mai ɗaukar kaya suke sa rai. Akwai kuma tsohuwar takardar sulai hamsin, wato rabin fam, da mai ha'inci kan cusa cikin canji a madadin fam hamsin. Ka ƙirga a gabansa, ba abin kunya ba ne.

A nan almajirinmu ya fi Bature sa'a. Farashi a kanti, lambar mota, lambar bas, yawancinsu da alƙaluman Larabci ake rubuta su, irin waɗanda muke gani a shafukan Alƙur'ani. Wanda ya manta ya sake bita kafin ya tashi, musamman masu rikitarwa: biyar da'ira ce kamar sifilin boko, sifili ɗigo ne kawai, shida ta yi kama da bakwai ta boko, huɗu kuma kamar uku ce da aka juya mata baya. Mai karanta lambar da ke manne a jikin kaya ba a faɗa masa wani farashi daban. Larabcin makaranta kuwa zai ba ka mamaki, domin za su gane ka, har su yi murmushi su ce kana magana kamar mai huɗuba, amma kai ba lallai ka gane su ba. Jim a bakinsu ga ce, ƙaf kuma haɗiye ta suke yi, shi ya sa gahawa ta zama ahwa. Kalma huɗu za su ɗauke ka nesa: bikam, wato nawa ne, fen, wato ina, la shukran, wato a'a na gode, da khalas, wato magana ta ƙare.

Daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari kusan kilomita 20 ne, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa bai kai can ba. Kafin ka fita daga zauren isowa ka sayi layin waya da fasfonka a rumfar Vodafone, Orange ko WE, ka sa su kunna maka data a gabanka. Da ita za ka kira mota ta Uber ko inDrive, ka ga farashi a rubuce kafin ka shiga. Waɗanda ke tare ka suna cewa taksi, har da masu rataye da kati a wuya kamar ma'aikata, sukan ninka kuɗin sau biyu ko uku. Idan direban manhaja ya kira ka ya ce ka soke tafiyar ku shirya tsakaninku, ƙi. Da zarar ka soke, ba sauran shaida. Farar taksi ta cikin gari tana da mita. Ka ce ya kunna kafin mota ta motsa, in ya ce ta lalace ka sauka, wata na bayanta.

Masaukan masu jakar goyo sun taru ne a unguwar Wustul Balad, kewayen dandalin Tahrir da titin Talaat Harb. Tsarin unguwar ya samo asali daga zamanin Khedive Isma'il, mai mulkin Masar a ƙarni na 19, gine-ginen dogaye ne irin na Turai, sun tsufa. Masaukin yakan kasance a hawa na huɗu ko na shida na wani gini, ƙasansa shagunan takalma, ƙofar shiga duhu, ga wani tsohon lif mai ƙofar ƙarfe da sai ka ja ta da hannu ka rufe kafin ya tashi. Baƙo da yawa a nan gabansu ke faɗuwa. Kada zauren ya tsorata ka, sau tari sama tsaf take. Amma kada ka biya fiye da kwana biyu kafin ka gani da idonka. Ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa: ɗigo-ɗigo baƙi alamar kuɗin cizo ne, in suka shiga jakarka har gida za su raka ka. Buɗe famfon ruwan zafi ka jira minti biyu. Tambayi ɗakin da tagarsa ba ta kallon babban titi, domin hon ɗin motocin Alƙahira ba ya yin shiru sai gab da asuba. Ka tabbatar a wane kuɗi za ka biya, saboda wasu kan rubuta farashi da dala sannan su juya shi zuwa fam da lissafin kansu. Ma'aurata su riƙe takardar aure, ana iya tambaya.

Wani abu kuma, gadon da ka kwanta a kai ba shi ne babbar ribar mai masauki ba. Ribarsa tana cikin yawon da zai shirya maka: mota zuwa Giza inda dalar Fir'auna take, jirgin ruwa a Nilu, tafiya birnin tarihi na Luxor. Zai ba ka shayi, ya zauna da kai kamar ɗan'uwa, kuma sau da yawa mutumin kirki ne. Ka sha shayin, ka ce sai ka yi shawara. Kusan duk inda zai kai ka a cikin gari kana iya kai kanka da kashi kaɗan na kuɗin.

Abin da zai ba ka wannan damar shi ne metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1987, na farko a Afirka. Layi uku ne. Tashar Sadat tana ƙarƙashin Tahrir, nan layi na ɗaya da na biyu suka haɗu; Shuhada tana dandalin Ramsis kusa da babbar tashar jirgin ƙasa; Ataba ta haɗa na biyu da na uku. Kuɗin ya danganta da yawan tashoshi. A ƙarin da aka yi a Agusta 2024, an mayar da shi fam 8 zuwa tasha tara, fam 10 zuwa tasha goma sha shida, fam 15 zuwa ashirin da uku, fam 20 abin da ya haura. Ka faɗi sunan inda za ka a taga, ka riƙe tikitin har ka fita, domin ƙofar fita ma sai da shi take buɗewa. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun mata zalla, da alama a kan dandamali. Namijin da ya faɗa ciki da gaggawa zai sha tsawa, yana iya biyan tara. 'Yan'uwa mata su yi amfani da su, musamman safe da yamma lokacin cunkoso. Jakar goyo a dawo da ita gaba.

Inda metro bai kai ba, akwai fararen ƙananan bas irin Hayis ɗinmu. Ba kwandasta a yawancinsu. Kuɗi daga hannu zuwa hannu yake tafiya har ya isa wurin direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi, ba ya ɓata. Ka kalli abin da na kusa da kai ya bayar ka ba da irinsa. In za ka sauka ka ce ala gamb, wato a gefe. Tsallaka titi kuwa sai an koya. Motoci ba sa tsayawa, kaucewa suke yi. Ka tsaya a gefen wani ɗan gari, shi yana tsakaninka da motocin, ka taka daidai da shi, ba gudu, ba ja da baya. Direba yana auna tafiyarka ne, wanda ya yi turus a tsakiya shi ke rikita shi.

Abinci shi ne inda garin ya yi wa talaka adalci. Da safe akwai ful, wake ne da aka dafa dare guda har ya yi lugub, a zuba mai da lemun tsami, Hausawan Sudan sun san shi sarai. Akwai ta'amiyya, ƙanwar ƙosai, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken. Duka ana cusa su cikin gurasar da suke kira aish baladi. Da rana akwai kushari: shinkafa, makaroni, adas da wani wake mai zagaye, a kwarara miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa, ga ruwan tafarnuwa da yaji a kan tebur. Kwano ɗaya matsakaici ya isa ƙato. Zoɓo ma yana nan, karkade suke ce masa, ga ruwan rake da ake matsewa a gabanka. Ka ci inda ma'aikata da ɗalibai suka yi layi, kuma inda aka rubuta farashi a bango. A gidan abinci mai tebur da ma'aikata masu yunifom, sukan ɗora harajin kashi 14 cikin ɗari da kuɗin hidima kusan kashi 12 a kan abin da ka gani a takarda.

Ciki yakan ɓaci a kwana na biyu ko na uku, kuma galibi ba dafaffen abinci ke jawowa ba, ɗanyen ganye ne da ƙanƙara da ruwan famfo da cikin baƙo bai saba da shi ba. Ka sha ruwan roba, ka duba murfin bai taɓa buɗuwa ba. In gudawa ta zo, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. In da jini ko zazzaɓi, sai likita. Buta kuwa ba sai ka ɗauko ba, banɗakunansu da abin tsarki a jiki.

Dala biyu ke cin kuɗin baƙo a Masar, ta Amurka da ta Fir'auna. Zuwa Giza da arha shi ne ka hau layi na biyu zuwa tashar Giza, ka ƙarasa da bas ko motar manhaja. Ka isa da sassafe kafin rana ta yi zafi. A hanya wani zai tare ka ya ce ƙofa a rufe take, ko tikiti ta nan ake saye, ya karkata da kai wurin masu dawaki. Tikiti a tagar hukuma kawai ake saye. Tun 2023 manyan wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki, kuma wannan ya fi shafar mu, tunda ba kowane katin naira ke aiki a waje ba. Ka tambayi bankinka kafin ka tashi, ko ka tanadi katin dala. Ɗalibi mai katin shaidar ɗalibta na ƙasa da ƙasa yakan biya rabi. Babbar dalar, ta Fir'auna Khufu, ta kai kimanin shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. Shiga cikinta tikiti daban ne, hanyar ƙunci ce, ana tafiya a sunkuye, mai ciwon baya ko ƙarancin numfashi ya haƙura. Raƙumi kuwa, mu da muke da Agadas da Maigatari ba mu ga abin da zai sa mu biya kuɗi don hawan sa ba. Wanda ya nace, ya yanke farashi tukuna, ya ce gine na Masar, na tafiya da dawowa da sauka, ya biya bayan ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Duk abin da aka ɗora maka a kai ko aka cusa maka a hannu aka ce kyauta ne, mayar da shi nan take. Haka mai cewa gidan tarihi a rufe yake, zo ka huta a shagon turaren ɗan'uwana.

A ganinmu, mai ɗan guzuri ya fi cin riba a tsohon gari, inda mafi yawan abin gani ba ya buƙatar tikiti. Daga Ataba tafiyar ƙafa ce ta kusan minti ashirin zuwa masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970, ga masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili a tsallake, ga titin Mu'izz da ya miƙe daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila. Masallacin Ibn Tulun, da aka gama a 879, fili ne mai faɗi da shiru, wurin hutawa daga hayaniya. Na Amru bin As yana kusa da tashar Mar Girgis a layi na ɗaya. Ba baƙin wuri ba ne a gare mu: mahajjatan Kanem sun gina makaranta da masauki a garin tun ƙarni na 13, Azhar ta daɗe da sashen ɗaliban Borno, Imam Suyuɗi kuma daga nan ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa. Har yau ɗalibanmu suna nan, a masaukin ɗaliban ƙasashen waje na Azhar da ke Abbasiyya da kuma Hayyul Ashir a Madinat Nasr. Ɗalibi ɗaya da ka samu lambarsa daga gida ya fi maka ɗan jagora na haya. Sai dai ka tuna karatu ya kai shi, kuma ba shi da kuɗin ciyar da baƙo. Kai za ka biya motar da abincin. A Khan al-Khalili ciniki kamar na Kwari ne, sai dai farashin farko ya fi nisa da gaskiya, ka fara daga kashi ɗaya cikin uku, kuma kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye.

Akwai maganar da ba ta da daɗi amma dole a faɗa. Baƙar fata yakan ji yara ko matasa suna jifan sa da kalmomi irin su samara ko shokolata a titi. Mafi yawan mutanen gari ba ruwansu, wasu ma za su tsawatar, amma abin yana faruwa, kuma tanka musu ba ya haifar da komai sai taron jama'a. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu 2023 mutane masu yawa suka ƙaura zuwa Masar, binciken takardu ya ƙaru, kuma ɗan sanda ba ya bambance ɗan Kano da ɗan Omdurman da ido. Kada ka fita ba fasfo, ko aƙalla hotonsa da na shafin biza da katin masaukinka. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda, sojoji ko gine-ginen gwamnati. Kada ka bari kwanakin bizarka su wuce, akwai tara a filin jirgi.

Ranar dawowa a lura da agogo. Masar na gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, tun da suka dawo da sauya agogo a 2023. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, bankuna a rufe, don haka mai son mayar da ragowar fam zuwa dala ya yi kafin Alhamis ta wuce, da rasit ɗin canjin farko a hannu. Safiyar Juma'a titi fayau yake. Yammacin Alhamis kuwa tafiyar minti arba'in zuwa filin jirgi tana iya cin awa biyu. A ware kuɗin motar wannan rana tun daren isowa, a sa shi cikin fasfo.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu karatunku, daga Kano da Zariya